Ranar hawa sanyi muke saye, ba mu tambayar ruwan



Mu da muke aikin rediyo, ranar Sallah ba ta zaman gida ba ce. Ana saukowa daga idi za ku gan mu da na'ura a hannu, muna bin dawakin Sarkin Damagaram har ƙofar fada a Birni. To shekara da shekaru muna ba ku labarin doki da algaita, yau bari mu ba ku labarin abin da ke cikin hannun ƴan kallo.

Lokacin da muke ƴan lakwal, abin da ake sha a bakin titi ranar hawa sananne ne. Fura da nono a ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagaya mutum biyar. Kunun tsamiya, sai ruwan randa da wata tsohuwa ta ajiye ƙofar gidanta don Allah. Abin taunawa kuwa tsire ne, da kilishi, da masa, da dambun zogale. Kuɗin barka da Sallah in ya kai dala ashirin, yaro ya zama alhaji.

Yanzu ku duba. Shawarma ta shigo, burodi da nama da mayonaz ya shigo, awara ta kama kowace kwana. Babban abin da ya canza dai shi ne abin sha. Zoɓo, lemun citta, lemun tsamiya, yawur, har furar ma, duk sun koma cikin leda da gorar roba, an jera su cikin kula an danne da ƙanƙara. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har ta faɗo tsakiyar bazara. Ta 2024 a watan Afrilu aka yi ta, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu. Wanda ya tsaya awa uku cikin wannan rana ba ya tambayar ɗanɗano. Tambayarsa ɗaya ce: akwai sanyi?

Mu ma haka muka yi. A wancan hawan, mu uku ne a bakin aiki. Maƙogwaro ya bushe, muka tsai da wani yaro mai kula, kowa ya tsotsi zoɓo leda biyu. Wallahi ya yi daɗi. Kafin magariba biyu daga cikinmu sun kwanta da ciwon ciki, ɗaya sai da aka ƙara masa ruwa a likita. Washegari shirin da muka yi muku alkawari bai fita ba. Ba mu san yaron ba, ba mu san gidan da aka dama zoɓon ba, kuma har yau ba mu ɗora wa kowa laifi ba. Abin da ya dame mu shi ne ko sau ɗaya ba mu tambaya ba.

Da, mai fura tana zaune gabanka. Kana ganin ƙwaryarta, kana ganin hannunta, ka san unguwarsu. In furar ta yi tsami, gobe ka faɗa mata. Leda kuwa ba ta da fuska. Kun san yadda ruwa ke wuya a Zinder in bazara ta yi, famfo ya ɗauke, kowa ya koma ga ƴan ga-ruwa. Kun san yadda kuran ke zuwa yana tafiya, abin da ke cikin firigo ya narke ya sake daskarewa. Kuma ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta take yi. Mutanen Maraɗi da Zinder ba su manta da kwalarar 2021 ba.

Kar wani ya ce muna son kashe wa mata sana'a. A'a. Mun san gidajen da kuɗin zoɓon Sallah ne ke sayen littattafan yara in an koma lakwal. Mun kuma ga abin farin ciki: ƴan mata da suka yi karatu suna dama fura, su zuba a gora mai tsabta, su manna takarda da suna da lambar waya. Wannan ita ce ƙwaryar zamani, domin in abu ya ɓaci ka san wa za ka kira. Abin sha namu ne na gado, zoɓo da gero da tsamiya duk daga gonakinmu, gara kuɗin ya tsaya nan da ya tafi ga lemun kwalba.

Saura maganar washegari. Ku bi hanyar da dawaki suka bi, leda ce ko'ina, iska na kai ta bisa ƙaya, awaki na ci. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa cikin tumbi. Dokar hana irin wannan leda tana nan tun 2014, mu ne dai ba mu daina miƙa hannu ba.

Mu dai ga abin da muka ɗaukar wa kanmu. Ranar hawa muna fita da gorarmu daga gida. In za mu sayi zoɓo, wajen wadda muka sani za mu saya. In ba mu san ta ba, mu ce, "Hajiya, da wane ruwa aka yi?" Wata za ta harare ka, wata za ta yi dariya ta ce na famfo ne, ta tafasa. Ita za mu koma wa baɗi.

Allah ya maimaita mana, ya ba mu lafiyar kallo. Mu kwana nan.