DAGA ƘOFA ZUWA ƘOFA: ZAGAYEN GANUWAR KANO A KAN KEKE

Duk wanda ya san Kano shekaru 40 ko 50 da suka wuce ya san gari ne na keke. Da sassafe sai ka ga malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa suna kwararowa ta ƙofofin birni, kowa a kan Raleigh ko Phoenix, ya naɗe bakin riga, ƙararrawa tana tashi ta ko'ina. A wancan zamani mai sabon keke mutum ne da ake dubawa a unguwa. Daga baya babur ya zo ya ture keke, acaɓa ya cika gari har zuwa 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur, sa'an nan A Daidaita Sahu ya gaje shi. Yau an bar wa yara keke, su da wanda ake ganin ba shi da halin sayen abin da ya fi shi.

Sauƙin da muka samu kuwa bai zo kyauta ba. Magidanci ya fito daga gida ya shiga mota, ya wuni a kan kujera, ya komo ya ci tuwo ya kwanta, kafin ya cika shekara 40 tumbi ya fito, hawan jini da ciwon sukari suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ni ma aikin jarida ya sa ni cikin wannan sahu, har ta kai in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na huta. Likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa, amma zuciya lafiya lau, in nemi abin motsa jiki. Ya ce ga mai nauyin jiki keke ya fi gudu, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin, gwiwa ba ta shan duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, watau minti 30 a rana har kwana biyar. To, maimakon in ƙirga mil, sai na ɗauki ƙofofin Kano suka zama ma'aunina: kowane mako in ƙara ƙofa, har in zagaye birnin.

SHIRI KAFIN TAFIYA

Keken da na saya na gwanjo ne mai giya. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a ƙarƙashin bishiya, wanda ya ce tun zamanin keken haya yake wannan sana'a. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Malam, hau in gani." Da na hau sai ya ɗaga sirdin har ƙafata ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Ya ce, "Ɗana, yawancin masu cewa keke yana kashe gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Kuma kada ka sa giya mai nauyi don a ce kai jarumi ne. Sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa." Na ce, "Na gode, Baba." Ya duba birki, ya sa wa sarƙa mai, ya cika tayoyi da iska.

Likita kuwa ma'auni ɗaya ya ba ni, wanda ba ya bukatar na'ura. In kana tuƙi kana iya magana da na kusa da kai, to daidai kake. In magana ta gagara saboda haki, ka sassauta. In kuwa ka ji ciwo a ƙirji, ko jiri, ko duhu ya rufe ido, ka sauka nan take ka nemi asibiti. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya riƙe dabino a aljihu, domin motsa jiki yana saukar da sukari. Lokacin fita kuma bayan sallar Asuba ne, da gari ya fara wayewa, kafin motoci su yi yawa. Da bazara zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana, da hunturu kuma ƙura sai mutum ya rufe hanci.

DAGA NA'ISA ZUWA KABUGA

Na fara daga Ƙofar Na'isa, a kan titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, domin a nan ƙasa shimfiɗe take, kuma titin yana bin ganuwa kusan sak. Makon farko iyakata Ƙofar Gadon Ƙaya, in juyo. Tafiya ce da mota ke yi kafin direba ya gama gaisawa da fasinja, amma ni sai da na sauka sau biyu. Cinya tana zafi, makogwaro ya bushe, mazauni kuwa kwana uku ina zama a karkace. Wannan ciwon sirdi shi ne ke korar yawancin masu farawa, alhali kuwa cikin mako biyu yake wucewa in mutum ya riƙa hutawa kwana ɗaya tsakanin fita da fita.

Amfanin rashin ƙarfi shi ne mutum yana tsayawa, mai tsayawa kuwa yana gani. Na bi wannan titi a mota ba adadi, amma sai da na jingina keke ina mai da numfashi na dubi badala da kyau. A wani wuri tana nan tsaye, jar ƙasa mai kauri, ruwan sama ya zana mata kwari-kwari, awaki suna kiwo a kanta. A wani wurin ta zama tudu kawai da yara ke sulu. Gaba kaɗan sai ka neme ta ka rasa, shaguna da bulo sun hau wurin. Kududdufan da ke gefenta, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar ginin, ana ta cike su da shara ana gini a kai. Ita kanta Ƙofar Na'isa da ake gani yau sabuwa ce, domin an rushe ta dā a 2010 saboda faɗaɗa titi.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara wannan gini, sarakunan bayansa suka yi ta ƙarawa, musamman Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Watau aiki ne na ɗaruruwan shekaru, tubali bisa tubali. Baturen nan Kyaftin Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15. Abin da ya riƙe ta duk wannan zamani shi ne yaɓe, in damina ta ci wani gefe jama'a su fito su toshe. Bayan sojojin Lugga sun ci Kano a 1903 ganuwa ta daina zama garkuwar yaƙi, yaɓe ya ja baya, ruwa da mutane suka shiga cinta.

A mako na uku na kai Ƙofar Famfo da Dukawuya ba tare da na sauka ba, na huɗu kuma na isa Kabuga. A nan mai keke zai gane ba da shi aka yi lissafin sababbin titunan Kano ba. Gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga sun sauƙaƙa wa motoci, amma mai keke ba shi da rabo a ciki. Hanyar sama ta gefe ita ce tasa, ya bi hannun dama, ya sa ido a kan A Daidaita Sahu da ke tsayawa ba sanarwa duk inda aka ɗaga masa hannu. Hular kwano da riga mai haske ba ado ba ne a wannan wuri.

GORON DUTSE

Daga Kabuga zuwa arewa hanya ba ta bin ganuwa sosai. Ƙofar Kansakali da Waika da Dawanau suna nan, amma gidaje sun kewaye su ciki da waje, har sai baƙo ya yi tambaya kafin ya same su. Na bi Titin Aminu Kano, wanda ya ratsa ta gindin Goron Dutse, kuma a nan ne sabon mahayi ke haɗuwa da hawa na gaske. Ba wani tsauni ba ne a ido, amma ƙafa tana sani. Karon farko na sauka na tura keken, wasu yara 'yan makarantar allo suna kallo, ɗaya ya ce, "Baba, mu taya ka?" Mako biyu bayan haka na haye shi a zaune, da giya mafi sauƙi, ina tafiya kamar hawainiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga wannan tudu ana hangen Dala, dutsen da Barbushe ya zauna, wanda garin ya tsiro a gindinsa. Da safe hayaƙin masu ƙosai da koko yana tashi daga lunguna, masu shayi suna hura wuta, 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki. Su waɗannan bayin Allah ba wanda zai ce su nemi motsa jiki. Gangarowa Gwammaja kuma sai ka wuce kusa da Gidan Mumbayya, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, aka mai da shi cibiyar nazari.

Akwai wani hawa da ya fi na Goron Dutse wuya, shi ne idon mutane. Wata safiya na haɗu da wani abokin mahaifina yana dawowa daga masallaci. Ya tsai da ni, ya riƙe kan keken, ya ce, "Kai, ɗana, lafiya? Ina motar? In wani abu ne ya faru ka gaya mini, kada ka ji kunya." Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Lafiya lau, Baba, likita ne ya sa ni." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma shekara 20 ya yi yana zuwa aiki a keke, kuma a lokacin bai san sunan maganin hawan jini ba. Wannan zato na karayar arziki shi ne ke hana magidanta da yawa hawa keke, ko da yake tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kunyar ta fara raguwa, ana ganin manya a kan keke a titunan da dā ba a ganinsu.

GEFEN KASUWANNI

Ɓangare na ƙarshe, daga Ƙofar Ruwa zuwa Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata, shi ne gefen ciniki, kuma ba na bai wa sabon mahayi shawarar ya taɓa shi sai da sassafe ƙwarai, ko ranar Lahadi. Ƙofar Ruwa ta masu ƙarfe da kayan gini ce, Wambai ta gwanjo da robobi, ga Kantin Kwari a waje yana haɗiye jama'a. A nan ganuwa ta ɓace kusan ƙaf, sai sunayen ƙofofi. A Ƙofar Mata na tsaya wajen karofi, marinar da ake cewa tun 1498 take. Ramuka da yawa sun bushe, amma akwai sauran marina suna tsoma zane a baba suna ɗagawa, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu. Daga nan sai gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, a koma Na'isa.

A mako na takwas na haɗa zagayen duka a safiya ɗaya, da tsayawa uku don shan ruwa. Tumbi bai tafi duka ba, domin keke ba ya gyara abin da cokali ya ɓata sai an rage tuwon dare da lemon kwalba. Amma barci ya gyaru, bene ya daina ba ni tsoro, likita kuma ya ce jinin ya fara sauka, in ci gaba.

Saura kira ga hukuma. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma abin da ake nema wa wannan daraja yana raguwa kowace damina. Da za a shata abin da ya rage, a hana gini a kai, a fitar da 'yar siririyar hanya ta masu keke da masu tafiya a ƙasa a gefensa, ko da daga Na'isa zuwa Kabuga ne, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: jama'a su sami wurin motsa jiki ba fargabar mota, badala kuma ta sami masu ganinta kullum, waɗanda za su yi magana in an sa mata diga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018, kuma babu ranar da ta fi ta dacewa da buɗe irin wannan hanya.

Kai kuma mai karatu, ko a Zariya kake, ko Katsina, ko Bauci, garinku yana da ƙofofinsa. In kuwa a Legas ko Abuja kake, masallacin unguwar gaba ya isa ya zama ƙofarka ta farko. Ka ga likita ya auna ka, ka gyara sirdi, ka fita da minti 10, mako mai zuwa ka ƙara biyar. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.