Wa zai ɗauki nauyin ɗan Malam har ya zama lauya?



A gidajenmu, idan aka tashi haɗa kuɗi domin karatun yaro, likita ake fara tunawa, sai injiniya, sai mai tafiya Madina ko Azhar. Da wuya ka ji an zagaya da faranti domin mai karatun shari'ar zamani. Wasu ma har yanzu suna ganin lauya mutum ne da ake biya ya mai da baƙi fari. Na tashi cikin wannan zato, domin a gidan limanci aka haife ni, amma littattafan da ke zauren Malam su suka fara kawar mini da shi. Babin wakilci yana nan cikin Muhtasar na Halil, yana nan cikin Tuhufa ta Ibn Asim, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da halatta wa mutum ya wakilta wanda zai tsaya masa a gaban alƙali.

Ƙanena ne ya sa na san tsawon wannan hanya. Bayan ya ci jarrabawar bak, ya shiga tsangayar shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Shekara uku kafin lisansi, biyu kafin masta. Wannan bai mai da shi lauya ba. Dokar da ƙasashen UEMOA suka amince da ita a 2014 ta shardanta takardar CAPA, wadda ake samu ta hanyar jarrabawa, sannan a yi rantsuwa, a zauna shekara uku ana koyon aiki a ofishin wani babban lauya. Wato shekara takwas ke nan ga wanda bai taɓa maimaita aji ba, kuma kowa ya san ba kasafai shekarar karatu ke ƙarewa a kan lokacinta ba.

Tallafi akwai shi, ba a ce babu ba. Hukumar ANAB tana ba ɗaliban da suka cika sharuɗɗa bursi, wasu kuma ɗan taimako na shekara. Ƙasashe irin su Maroko da Turkiyya suna ba da guraben karatu, Jami'ar Musulunci ta Sayi kuma, wadda ta buɗe a 1986, tana koyar da shari'a da doka. Sai dai a nan akwai abin lura da iyaye da yawa ba su sani ba. Likitan da ya yi karatu a Ankara zai dawo ya tarar da jikin ɗan Adam yadda ya baro shi. Lauya ba haka yake ba. Doka ƴar ƙasa ce. Wanda ya karanta ta wata ƙasa sai ya sake zama ya koyi tamu: dokar ƙasar noma ta 1993, tsarin kotunanmu, da dokokin kasuwanci na OHADA da ƙasashe 17 suka yi tarayya a kansu. Shi ya sa nake ganin, ga wannan fanni, taimakon da aka yi wa yaro a gida ya fi kujerar jirgi amfani.

Inda igiyar ta fi tsinkewa shi ne bayan masta. A lokacin yaro ya fita daga sahun ɗalibai, bursi ya yanke, shi kuwa bai zama ma'aikaci ba. Ga kuɗin rajista, ga littattafai, ga baƙar rigar nan ta shiga kotu, ga hayar ɗaki a Yamai, domin mafi yawan ofisoshin lauyoyi a can suke. Ɗan mai hali yana iya jira. Ɗan liman, wanda gidansu ke rayuwa da gona da abin da Allah ya hore, sai ya nemi koyarwa a wata makarantar kuɗi ko ya tsaya a kantin kawunsa, takardun su kwanta cikin akwati. Biyu daga cikin abokan ƙanena haka ta faru da su, kuma ba don ya fi su ƙwaƙwalwa ba.

Wani zai ce, mene ne namu a ciki? Ai gado da aure da rikicin gona su ne abin da ke kai talakanmu kotu, kuma a waɗannan al'amura kotunan Nijar suna hukunci da al'adar masu ƙara, tare da mashawarta waɗanda galibinsu malamai ne. Bazawarar da ƴan'uwan mijinta suka riƙe takardar fili tana bukatar wanda ya san rabon gado kamar yadda ya san Faransancin kotu. Yaron da ya wanke allo kafin ya riƙe alƙalamin boko shi ya fi dacewa da wannan gurbi. Gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ a 2011 domin marasa ƙarfi su sami mai tsaya musu, amma hukuma ba ta haifar lauya, sai wanda aka riga aka horar.

Da na kai wa Malam maganar, sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗalibi matalauci ai matalauci ne, ko me yake karantawa, muddin halas ne. Kira mini dattawan unguwa." Na ce: "To, Allah gafarta Malam." Magidanta goma sha biyu suka amsa, kowa jika biyu a wata, aka rubuta a takarda, ladan ya riƙe littafin. Ba kyauta aka ba shi ba, rance ne marar ruwa: idan ya kama aiki zai mayar, a ba wani. Alhajin da ya fi kowa gardama a zaman shi ya ƙara sharaɗi guda, cewa duk hutun da yaron ya zo gida zai zauna a zaure ranar Asabar ya karanta wa mutane takardunsu na kotu ba tare da karɓar ko dala ba.

Yanzu yana shekararsa ta biyu ta koyon aiki. A littafin ladan kuma an riga an rubuta suna na biyu, wata yarinya ce, ɗiyar mai gyaran keke, da ta gama lisansi a Jami'ar Tawa. Gidaje huɗu ne kawai suka sa hannu a kan nata zuwa yau.

Wassalamu alaikum.