Masu Gadi Biyu a Ƙofa Ɗaya

A cikin kowace kwamfuta mai aiki da Windows akwai masu gadi biyu, kuma yawancinmu ɗaya kawai muka sani. Na farko shi ne manhajar riga-kafi, irin su Microsoft Defender, Kaspersky ko McAfee, wadda ke farautar ɓarawo. Na biyu ba ya surutu. Aikinsa shi ne hana kowa taɓa fayilolin da babbar manhaja ke rayuwa a kansu. Na daɗe ina ganin cewa matsala mafi muni takan taso ne a inda aikin waɗannan biyun ya haɗu, kuma saitin da muke dannawa ba tare da karantawa ba shi ke yanke hukuncin wanda zai rinjayi ɗan'uwansa.

Bari mu fara da mai gadi na biyu. Tun Windows 2000, Microsoft ya sa tsarin da ke ajiye kwafin muhimman fayiloli a gefe, ya mayar da na asali idan an sauya shi. Daga Windows Vista aka ƙara tsanantawa: mallakar fayilolin ta koma hannun wani asusu mai suna TrustedInstaller, ta yadda ko mai kwamfutar ba zai goge su kai tsaye ba. Sai dai wannan mai gadi bai san ɓarawo ba. Kayan gidan da aka damƙa masa kawai ya sani.

Manhajar riga-kafi kuwa an ba ta makullin kowane ɗaki, domin tana aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda take ganin kowane fayil kafin a buɗe shi. Ba za ta iya aikinta ba sai da wannan iko, kuma a nan haɗarin yake. Ranar 21 ga Afrilu, 2010, McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe, ɗaya daga cikin ginshiƙan Windows XP, a matsayin ƙwayar cuta. Manhajar ta killace shi. Kwamfutoci suka riƙa mutuwa suna tashi, suka kuma rasa hanyar sadarwa, don haka dole injiniyoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Wasu asibitoci a jihar Rhode Island ta Amurka sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A bayaninsa na farko, kamfanin ya danganta lamarin da wani saiti guda na binciken shirye-shiryen da ke gudana.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa mafita ita ce a rage wa manhajar riga-kafi iko. Nan ma an gudu ba a tsira ba. Na sha ganin mai gyaran kwamfuta ya kashe Defender domin ya saka manhajar da aka fasa, ko ya sa folda ta Windows gaba ɗaya cikin jerin wuraren da ba za a bincika ba, wai don kwamfutar ta yi sauri. Mai gadi na biyu zai ci gaba da tsare fayilolin da ya sani, amma ba ruwansa da baƙon fayil da mai izinin shugabanci ya ajiye a gefensu. Na farko kuma an ce masa kada ya leƙa wurin. Masu kutse sun san wannan giɓi, shi ya sa miyagun manhajoji da dama sukan fara da saka kansu cikin jerin keɓewar.

Abin da nake yi a tawa kwamfutar kaɗan ne. Ba na girka manhajar riga-kafi biyu a lokaci ɗaya. Idan keɓewa ta zama dole, fayil guda nake keɓewa, in rubuta dalili. Kariyar Defender da ke hana wasu manhajoji sauya saitinsa kullum a kunne take. Idan na ga alamar ɓarna, umarnin sfc /scannow yakan duba fayilolin tsarin ya gyara waɗanda suka lalace.

Ga mai kula da kwamfutocin ofis, ƙarin shawarata ɗaya ce: gwada kowace sabuntawa a kan kwamfuta biyu ko uku kafin ka sake ta ga kowa, musamman in a cikinsu akwai mai riƙe da albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya.