Kura a bayan rumbu: karanta wa yara littafi mai zane a cikin aji

A yawancin makarantun firamare na ƙasarmu, littafin farko da yaro ke taɓawa shi ne na koyon baƙaƙe, kuma abu ɗaya ya sani game da shi: mushe ya faɗa, aji ya maimaita. Haka aka yi wa iyayenmu da Mamadou et Bineta, haka aka yi mana da littattafan INDRAP, haka muke yi wa ɗiyan mutane a yau. Ban raina wannan aiki ba, don ba a iya karatu sai an san baƙi da wasali. Amma yaron da ya shekara biyu a lakwal bai taɓa ganin an buɗe littafi labari ya fito daga ciki ba, me zai sa ya yi marmarin iya karantawa?

Shekara biyu ke nan da na fara keɓe minti ashirin, sau uku a mako, ina karanta wa ƴan ajina na CP littattafai masu zane da babbar murya. Littattafan daga wuri uku na same su. Wasu suna cikin wani kwali da aka ba makarantarmu kyauta, ya daɗe a kulle don tsoron kada yara su yaga, har gara ta fara lasar na ƙasa. Wasu na sayo su a Yamai, inda masu ɗab'i irin su Gashingo ke fitar da littattafan yara cikin harsunan ƙasa. Sauran kuma a waya na sauke su daga African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya. Dukansu biyun kyauta ne, suna da labarai da Hausa da Faransanci, an jera su mataki-mataki bisa ga wuyar karatu, kuma an yarda mutum ya buga su a takarda ya yi aiki da su.

Littafi mai zane daban yake da littafin karatu da aka ƙawata da hoto. A littafin karatu, in an rubuta "akuya" sai a zana akuya a gefe, shi ke nan. A littafi mai zane na kirki, rubutu yana ɗauke da rabin labari, zane yana ɗauke da sauran rabin, wani lokaci ma zanen yana faɗin abin da rubutun ya ɓoye. Akwai wani da nake karanta musu, labarin yarinyar da ta fita neman akuyarta da magariba. Rubutun yana cewa tana tafe hankalinta kwance. A zanen kuwa, can bayan rumbu, ga kunnuwan kura sun leƙo. Ni da na karanta shi sau uku a gida, idona na kan rubutu, ban kula da kunnuwan ba. Wani yaro da ke zama a layin baya, wanda tun Oktoba ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna, shi ya miƙe ya ce: "Mushe, a faɗa mata ta gudu!" Aji ya ɗauki hayaniya, kowa na neman kurar. Daga nan duk shafin da na buɗe sai sun bincike shi lungu-lungu kafin su bar ni in karanta.

Wannan shi ne abin da ya fi komai daraja a wurina. Yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba, bai san Faransanci ba, yana iya karanta zane. Cikin yini guda na makaranta, wannan ne kaɗai lokacin da ya san wani abu da malam bai faɗa masa ba, kuma yana da ikon ya faɗa. Yaran da darasin karatu ya riga ya yanke wa hukuncin cewa dakikai ne, a nan ake ganin kaifin idonsu da iya bakinsu.

Sai dai abin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin a wuyan malam yake. Sabon littafi ba a buɗe shi karo na farko a gaban yara. Ina karanta shi a gida da murya, ba a zuci ba, in ji inda harshe ke sarƙewa, in san inda zan dakata, in zaɓi kalma biyu ko uku da zan bayyana, sauran in bar labari ya bayyana su da kansa. A aji, yara saba'in da ɗoriya ba za su ga shafi daga kan tebur ba, don haka muna fita ƙarƙashin bedi, ƙanana a gaba bisa tabarma, manya a baya a durƙushe. Ina riƙe littafin a gefen fuskata yana kallonsu, ina juya shi a hankali daga dama zuwa hagu kafin in buɗe na gaba. Waɗanda na sauke a waya ba su da amfani a waya, yaro biyar ne za su gani. Ina buga su a babbar takarda, baƙi da fari tunda mai launi ta fi ƙarfin aljihun malami, in manna a kwali, ƴan CM su shafa musu launi da kireyo.

Babbar jarabawar malami ita ce bakinsa. An horar da mu mu yi tambaya wadda muka riga muka san amsarta: wa ya tafi kasuwa, akuya nawa ce, ku maimaita. Da zarar an yi wa labari haka ya mutu, ya koma darasi kamar sauran. Tambayoyin da na ga suna aiki su ne waɗanda ni ma ba ni da amsarsu a hannu. Me kuke jin zai faru? Don me ta ƙi faɗa wa innarta? Da kai ne, ya za ka yi? Bayan tambaya kuma sai a yi shiru a jira, abin da ya fi mana wuya, don mun saba ɗaukar shirun aji a matsayin gazawa. Ba na ba da maki a kan wannan lokaci, ba na sa su kwafe komai a kaye, kuma ba na hana shi don horo. Littafi ɗaya ina karanta shi sau uku ko huɗu cikin mako biyu. A karo na uku yara ne ke riga ni faɗin jimlolin da ke maimaituwa, a nan ne nake ɗora yatsa ƙarƙashin rubutun, su ga da idonsu cewa abin da bakinsu ya faɗa shi ne ke kwance a takarda.

Maganar harshe kuwa, tsohuwa ce a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka malamin da ya shiga aji yau da niyyar karanta wa yara labari da Hausa zai sha wuya kafin ya tara littafi ashirin masu kyau. Don haka ba na jira. In littafin na Faransanci ne, ranar farko muna bin zanen muna gina labarin da Hausa, rana ta biyu in karanta Faransancin yadda yake. Tunda sun riga sun san abin da ke faruwa, kalmomin suna samun wurin zama a kansu. Na Hausar da aka rubuta a Najeriya kuma sukan zo da fensir inda muke cewa kireyo, da asibiti inda muke cewa likita, da naira a madadin dala. Ba na canza su. Ina faɗa wa yara haka ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke faɗa, galibi ma sai wani ya ce kawunsa da ke zuwa Jibiya haka yake cewa.

Wasu abokan aiki suna ƙin littattafan waje gaba ɗaya, wai me ɗan Tasawa zai yi da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa. Ban yarda da su ba. Yara suna son abin da ba su taɓa gani ba, sun fi mu ma haƙuri da baƙon abu. Abin da nake dubawa shi ne ko akwai wani a cikin labarin da ke jin tsoro, ko kishi, ko kewar uwarsa, don wannan kowane yaro ya san shi. Akwai dai waɗanda na ajiye gefe. Wani an zana kare yana kwana a gado ɗaya da yaro yana lasar bakinsa, na san in na buɗe shi minti ashirin ɗin a kan karen za su ƙare, kuma labarin da zai isa gida da yamma ba wanda nake so ba ne. Waɗanda na fi gudu su ne masu wa'azi tsirara, inda tun shafi na biyu an san yaron kirki zai ci riba, mai ƙiriniya zai sha kashi. Yara suna gane su nan take, sai ka ga sun fara wasa da ƙasa.

Wani uba ya taɓa ce mini: "Malam, ai tatsuniya ce, kakarsa ma tana yi masa ita kyauta." Na ce masa gaskiya ne, kuma yaran da ake yi wa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gida su suka fi saurin kama zaren labari a ajina. Bambancin shi ne tatsuniyar kaka tana cikin kan kaka, in ta yi barci an rufe. Ta littafi tana nan a takarda, gobe in an buɗe kalmomin ba su canza ba, kuma duk wanda ya iya baƙaƙen nan zai fitar da ita ba sai ya roƙi kowa ba. Ranar da yaro ya gane haka, shi da kansa zai fara tambaya wane baƙi ne wannan.

Tun bara na fara ba da aron littattafan kwalin ranar Juma'a, a dawo da su Litinin, ina rubuta suna a wani tsohon kaye. Iyaye, in ɗanku ya zo da ɗaya, ba sai kun iya boko ba. Ku zaunar da shi ku ce ya faɗa muku abin da ke cikin zanen, ku tambaye shi kamar yadda za ku tambayi wanda ya dawo daga tafiya. In akwai yaya ko ya da ke CM ko kwaleji, ta karanta rubutun kowa ya ji. Littattafan suna dawowa da tabon miya da kunnen shafi a lanƙwashe, biyu sun ɓata, ɗaya akuya ta ci bangonsa. Ina da salatif da zare da allura a aljihun tebur, ƴan CM2 ne ke ɗinke su ranar Laraba da rana. Na yarinya da kura an ɗinke shi sau uku, kuma a kayen aro akwai suna goma sha ɗaya da ke jiran layinsa.