Wa Kake Yi wa Kiɗan?

'Ya'yana mawaƙa da makaɗan ikkilisiya, kun taso kun tarar da ganga da jita a gaban majami'a, kuna tsammanin haka abin yake tun asali. Mu da muka yi furfura cikin wannan bangaskiya a ƙasar Maraɗi mun san zamanin da taɓa fatar ganga a ɗakin sujada abin kunya ne.

Turawan mishan na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare kuma suka sauka a Tsibiri, garin Sarkin Gobir. A Tsibiri da Jiratawa da ƙauyukan bakin Gulbi, kowane kiɗa da masu shi. Tambari da kakaki da algaita na fada ne. Goge da garaya na 'yan bori ne, da su ake kiran iskoki su hau. Kalangu na mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Mutumin da ya bar tsafin gidansu ya bi Almasihu, in ya ji goge, jikinsa kan tuna abin da ya baro. Don haka ban ga laifin na farkon da suka nisanci kiɗa ba. Sai dai abin ya zo da hasara. Yawancin waƙoƙin da aka ba mu daga Turanci aka juyo su, aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turai. Hausa kuwa tana da hawa da sauka, tana da doguwar gaɓa da gajera. Sai ka ji waƙa ta ɗaga inda magana take sauka, ta ja inda ba a ja. Muna rerawa da zuciya ɗaya, amma mai wucewa ta bayan katanga tun bai ji abin da ake faɗi ba ya yanke cewa addinin baƙi ne.

Mata ne suka fid da mu. A zumuntar mata suka shigo da tulu da ƙwarya da caki, ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, yadda suka saba wajen daka da niƙa. An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma iyayenmu mata da yawa ba su shiga lakwal ba, ba su iya buɗe shi. Ta bakin waƙa suka riƙe labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na ɗan da ya ɓace ya komo. Daga gare su na koyi cewa Allah ba ya ƙyamar kayan gida. Tulun da aka gina don ruwa ya isa ya yabi wanda ya yi ruwan.

Kada kuma ku ɗauka baiwa a maƙogwaro kaɗai take. Mu Hausawa mun jera sana'o'i sama da ƙasa, har akan hana maƙeri ko maroƙi aure a wasu gidaje. Amma ku duba Littafin Fitowa: Bezalel, wanda aka cika da Ruhun Allah don aikin alfarwar sujada, mai sassaƙa ne, mai aikin zinariya da tagulla. A Ayyukan Manzanni, da Dokas ta rasu, tufafin da ta ɗinka gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Saboda haka maginiyar tukwane a Jiratawa da ba ta sayar da tsagaggen tulu a matsayin mai lafiya, da telan babbar kasuwar Maraɗi da ba ya rage yadin mutane, da badukun da ya zauna ya auna ƙafar da kuturta ta ci a Danja ya yi mata takalmin da ba zai ji mata ciwo ba, duk sujada suke yi tun daga Litinin. Wanda ya yi ha'inci a shago, muryarsa ta Lahadi ba za ta wanke shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Kiɗan ƙasarmu a kan yabo da kyauta aka gina shi. Makaɗi ya wasa sarki, a ba shi doki da riga; in an hana shi, ya juya zambo. Wannan hali ya biyo mu har cikin majami'a. Na sha ganin mawaƙi ya fara da sunan Yesu, da an fara liƙi sai ya koma kiran sunan attajirin da ke kujerar gaba. Yanzu ga waya ta ƙaru, ana waƙa ido na kan mai ɗauka, don a saka a Facebook. Ban ce kada a sallami makaɗi ba. Shi ma yana da iyali, igiyar jita kuma da kuɗi ake sayenta. Amma kafin ka ɗauki makaɗi a hannu, tambayi kanka wa kake yi wa kiɗan. In wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, tsohuwar da ke layin baya za ta iya amsa waƙarka? In ba za ta iya ba, kai kaɗai ka yi sujada, jama'a kallo suka zo.

Ku tuna kuma inda muke zaune. Maraɗi garin malamai ne, mu 'yan kaɗan ne a cikinsa, masu yin salla kuwa ƙannenmu ne da kawunanmu. In an kira salla a masallacin unguwa, ku rage lasifika. Kada ku sa habaici a waƙar Allah. Tausasawa ta buɗe ƙofofin da ƙara ba ta buɗe ba.

Ga aikin da na bar muku. Tsofaffin zumuntar mata suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, waƙoƙinsu kuma ba a rubuce suke ba. Wayar nan taku, ku kai ta Tsibiri da ƙauyuka, ku zauna a tabarma ku ce, "Inna, ba mu waƙa." Ku ɗauka, ku rubuta, ku koya wa 'yan makarantar Lahadi. Kowane ɗayanku kuma ya ɗauki yaro guda ya zaunar da shi kusa da gangarsa, ko kekensa na ɗinki, har hannunsa ya faɗa.