Nasiha Ga Mai Son Ɗaukar Hoton Motocin Tsere

Duk wanda ya daɗe a sana'ar ɗaukar hoto ya tabbata cewa asalinta ilimin auna haske ne, kuma ilimi ne mai tsohon tarihi, gama tun kimanin shekara dubu da suka shige Ibnul Haisam, malamin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a Kitabul Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe, ya ratsa 'yar kafa, ya sauka a bangon ɗaki mai duhu. Kyamarar DSLR da samarinmu ke ratayawa a wuya yau, ɗakin nan ne aka ƙanƙantar, aka sa masa madubi, aka maye gurbin fim da allon lantarki. Saboda haka wanda ya saye ta ya bar ta a kan alamar da take yanke wa kanta hukunci, ya mallaki na'ura, amma bai fara karatu ba tukuna.

Rukunan awon uku ne. Akwai kafar haske, wadda ake rubuta faɗinta da f/2.8 ko f/8 ko f/16, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙuncin kafar. Akwai ISO, watau ƙarfin jin hasken allon, wanda 100 ya wadatar da rana, ana ƙara shi in magariba ta gabato, sai dai hoton yakan yi tsakuwa-tsakuwa in an wuce haddi. Waɗannan biyu almajiri zai fahimce su cikin ɗan lokaci. Na ukun, watau tsawon lokacin da marufi ke buɗewa, shi ne ruhin hoton tsere, a nan kuma nake so in daɗe.

Motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Idan marufi ya buɗe na 1/1000 na daƙiƙa, santimita 5 kaɗai za ta matsa. Idan kuwa 1/125 ne, za ta matsa santimita 40. Sabon shiga, da ya ji wannan lissafi, sai ya ruga ga 1/2000 ko fiye, ya sami mota fes, har ana karanta rubutun da ke jikin taya, ya yi ta murna. Alhali kuwa mai kallo ba zai iya rarrabe ta da motar da aka ajiye a tasha ba, domin an daskarar da ƙafafunta, an kashe gudun da aka zo dominsa. Wani saurayi Bafaranshe, Jacques Henri Lartigue, ya ɗauki hoton motar tsere kafin Yaƙin Duniya na Farko: gabanta ya fice daga hoton, tayar baya ta karkace, 'yan kallo sun jirkice, amma har yau ana yaba shi, saboda duk wanda ya dube shi yana jin iskar motar.

Maganin abin shi ne rakiya, watau ka bi motar da kyamara yayin da take wucewa, har ita ta fito sarai, bayanta kuwa ya zama zare-zaren launi. Ka juya maɓallin zuwa Tv in Canon gare ka, ko S in Nikon ce, domin ka riƙe hukuncin marufi a hannunka, ka bar mata kafar haske. Ka fara da 1/250, in hannu ya faɗa ka sauko 1/125, sa'an nan 1/60. Ka kafa ƙafafu suna fuskantar inda kake nufin dannawa, ka manna gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ka kamo motar tun tana nesa, ka juya daga ƙugu, ka danna a hankali ba tare da fizga ba, kuma kada ka tsaya da jin ƙarar marufin, sai ka ci gaba da juyawa kamar maharbin da ke bin zabuwar da ta tashi. Yawancin hotunan farko za su lalace, kuma wannan ba aibi ba ne, haka sunnar koyo take. Mu da muka tashi a zamanin fim mai hoto 36, kowace dannawa kuɗi ce, sai an wanke kuma a ga sakamako. Ku kuwa an yalwata muku, kuna gani nan take. Abin da nake ji muku tsoro shi ne yalwar ta sa ku yawan dannawa ba tare da tadabburi ba. Ka duba kowane hoton da ya ɓaci, ka karanta awon da kyamara ta rubuta masa, ka gano illarsa kafin ka shafe shi.

Ba sai ka jira ranar gasa ba. Baburan da ke wucewa a titin unguwa sun isa makaranta, haka nan dawakin hawan salla lokacin jafi. Game da saiti, ka sa wanda ke bin abu mai motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon. In ya gaza, ka koma dabararmu ta dā, ka saita a kan wani dutse ko tabo a gefen hanya, ka jira motar ta iso.

Ƙura kuwa tana da fuska biyu. Mutanen Agadas, waɗanda tseren Faris zuwa Dakar ya fara ratsa garinsu a 1979, sun san kyan ƙurar da mota ta tayar idan ranar hantsi ko ta la'asar ta hasko ta daga baya. Amma ita ce kuma ke shiga cikin kyamara duk sa'ad da aka cire gilashi a fili, kuma tsakar rana, da ISO 100 da 1/125 za su tilasta kafar ta ƙuntata zuwa wajen f/16, a nan ne ɗigo-ɗigonta ke bayyana a sararin samaniyar hotonka. Ka ɗaura gilashinka tun daga gida, ka bar shi.

Saura magana mafi nauyi. A Le Mans ta Faransa, ran 11 ga Yuni 1955, mota ta tashi ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka halaka. Wanda ya manna ido a kyamara ba ya ganin abin da ke gefensa, gilashi mai jawo nesa kuma yana rikita masa kintacen tazara. Kiyaye rai wajibi ne a shari'a, hoto kuwa mubahi ne kawai. Ya ɗana, kada ka tsaya a bayan kwana inda mota ke zamewa in ta ƙwace, ka nemi gilashi mai milimita 200 ko 300 ya kawo maka ita, kuma in masu tsaron hanya suka ce ka ja baya, ka ja baya ba gardama.