Zakaran da babu shi a jikin kyankyaso

Jama'a, yau sai na tona wa kaina asiri.

Waɗanda suka san ni sun san da safe ina koyar da Turanci a wata sakandare a Ngurore. Da ɗan abin da ake ba ni nake biyan kuɗin mastas, da na motar zuwa Jimeta kullum. A zangon da ya wuce wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka ce cock zakara ne. To me ya kawo zakara cikin cockroach?"

Wallahi ban sani ba. Amma ga idanu sun yo caa a kaina. Sai na gyara murya na ce ai saboda launinsa ja ne irin na zakara. Suka rubuta. Har jan layi wasu suka yi.

Makon jiya muna lakcar ginin kalma, malaminmu ya kawo wannan kalmar a misali. Ashe ba zakara, ba kifi (roach wani kifin ruwan daɗi ne a Ingila). Daga Sifaniyanci ta fito, cucaracha. A 1624 Kyaftin John Smith ya rubuta ta cacarootch a littafinsa kan Bajiniya. Bakin Bature ya kasa ɗaukarta, sai ya lanƙwasa ta zuwa kalmomi biyu da ya riga ya sani. Daga baya Amurkawa suka yar da zakaran, suka bar roach kawai. Mu ma haka muke yi: direba ya ce zai sha kwana, alhali ba barci zai yi ba, corner ce ta Bature ta faɗo kan kalmarmu ta zauna daram.

Ana ta dariya a aji, ni kuwa gumi nake. Daren nan a ɗakin abokina na kwana, kyankyasai na sintiri kan handawut ɗinmu, na kasa ko ɗaga musu takalmi.

Ranar Litinin na shiga ajin na ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke wancan layin, Malam ne ya yi kuskure. Tsit. Yarinyar ta soke nata a hankali, sai ta sake ɗaga hannu.

"To Malam, butterfly fa? Man shanun na mene ne?"

Na ce ta ba ni zuwa Alhamis.